Filin Tambayi Mai Gyara: Inbatar motata ta mutu, in sayi sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Hiace da na cire kujerun bayanta, na sa katifa da ƙaramin firiji da fanka, don mukan je Lagdo da iyali mu kwana a bakin ruwa, wani lokaci har Ngaundare. Na sa batir na biyu mai amfiya 100, da inbata mai wat 1000, na'urar nan da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Wata takwas tana aiki lafiya. A tafiyarmu ta ƙarshe ta fara ƙara, jar fitila na kamawa, tana ɗauke wuta tana dawowa. Da muka iso gida sai ta yi tsit, ko fitilar ba ta kamawa. Na sa an auna batir, an ce bolt 12.5 ne, lafiyarsa lau. Wanda ya sayar mini ya ce ta ƙone, in sayi mai wat 2000. Me ka gani? — Alhaji Sani, Yelwa, Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Wanda ya ce ta ƙone, ya buɗe ta? Ya sa mata mitar awon wuta? In daga bayan kanta ya yanke hukunci, to ai mai kaya ba ya cewa kada a saya.

A cikin inbatocin da ake kawo mini gareji da sunan sun mutu, mafi yawansu da ransu. Yunwa ce ke damunsu, wutar batir ba ta isa gare su. Kuma labarinka ma haka ya nuna. Ƙarar nan da jar fitila ba kukan mutuwa ba ne, inbata ce ke cewa abin da ke shigo mata ya yi kaɗan. Yawancin masu aiki da bolt 12 sukan fara ƙara in wuta ta sauka wajen bolt 11, su kashe kansu in ta kai wajen 10.5. Wadda ta ƙone da gaske takan yi wari, sau da yawa har da hayaƙi, kuma ba ka ambaci ko ɗaya ba.

Za ka ce ai an auna batir an ga 12.5. Gaskiya ne, amma an auna shi yana hutawa. Jaki ma in ba kaya a bayansa, ba ka gane gurgu ne. Kuma a kan batir aka auna, alhali abin da muke son sani shi ne me ya isa bayan inbatar.

Ga yadda za ka yi. Ka cire duk abin da ke jone da ita, firiji da fanka da caja. Ka ɗora mita a kan ƙarafan nan biyu na bayanta, inda jar waya da baƙa suke shiga. In batir na nuna 12.5 amma nan babu komai, hanya ce ta yanke, kuma ina kyautata zaton nan matsalarka take. Ka bi jar wayar da hannu tun daga batir. Kusa da shi ya kamata ka tarar da babban fiyus. Kada ka yarda da ido, don fiyus kan yanke ta ciki ya bar fuska lafiya. Ka auna gabansa da bayansa. Ka duba robar da yake zaune a ciki, in ta narke ko ta yi baƙi, noti ne ya kwance. Hanyar da ke da gargada tana kwance noti a hankali, inda ya kwance yana yin zafi, zafin ya ƙara cinye wurin, har ranar da zai rabu gaba ɗaya. Wannan shi ne ɗaukewa da dawowar da ka gani kafin ta yi shiru.

Baƙar wayar kuma kada ka raina ta. Bari in ba ka labarin kunyar da na sha a kanta. Shekarun baya wani direba mai kai baƙi gandun dajin Benuwe ya kawo mini Land Cruiser da irin wannan ciwo. Na auna batir, lafiya. Na duba fiyus, lafiya. Na ce masa inbata ta tafi, ya je ya ciyo bashi ya sayo sabuwa. Na ɗaura, na kunna, tsit. Yana tsaye a kaina, yarana na kallo. Ashe wanda ya yi haɗin farko ya ɗaure baƙar wayar ne a jikin mota, a ƙarƙashin kujera, kan fenti. Ruwan damina ya shiga, tsatsa ta ci wurin. Da na taɓa notin da sifana sai ya ɓare kamar ƙuli-ƙuli. Na kankare ƙarfen har ya yi fari, na ɗaure, tsohuwar inbatar ta tashi garau. Rabin kuɗin sabuwar daga aljihuna ya fita, kuma tun ranar nake jan baƙar waya kai tsaye zuwa batir.

To in ka auna bayan inbatar ka ga 12.5 fa? Sai ka kunna ta, ka jona fanka, idonka na kan mita. In lambar ta faɗi warwas zuwa 10 da wani abu, ka koma ka auna kan batir a daidai wannan hali. Batir ya tsaya sama da 12 amma inbata na ganin 10.5, waya ce ke shanye wutar. Duka biyun sun faɗi tare, batir ne ya gaji, ko da yana nuna 12.5 in an bar shi ya huta.

Maganar waya tana da tsawo, don nan ake cutar mutane. Kaya mai wat 1000 a kan bolt 12 yana jan amfiya sama da 80, in ka haɗa da asarar da ake yi a cikin inbatar ya kusa 100. A soket ɗin gida mai bolt 220, wannan kayan bai kai amfiya 5 ba. Ka ga wayar da ta ishi ɗaki ba za ta ishi nan ba. Ana son tagulla mai kaurin milimita murabba'i 25 zuwa 35, kuma gajeriya, kada ta wuce mita ɗaya da rabi in da hali. Akwai wata waya a kasuwa mai kaurin roba kamar yatsa, cikinta kuwa 'yan silalla. Wata ma sanholo ce aka yi wa wankan tagulla. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙasan jan, ka ajiye musu kayansu.

In ka tarar da farin gari ko kore a kan batir, ka cire wayoyin, baƙa farko, ka wanke da ruwan kanwa da tsohon buroshi, amma kada ruwan ya shiga cikin batir. Ka cire zobe da agogo kafin ka sa hannu, kuma ban da sigari a wurin, don batir na fitar da iska mai kama wuta.

Sai in wuta na isa cikakkiya, kuma ko fitila ba ta kamawa, sannan za a zargi inbatar kanta. Nan ma sau da yawa ƙananan fiyus ne na ciki, irin na mota masu amfiya 30 ko 40 da aka jera, waɗanda kan yanke nan take in an taɓa juya ja da baƙi. Kada ka buɗe da kanka, Alhaji. A ciki akwai kafasito masu riƙe wutar da ta haura bolt 300 ko bayan an kashe. Ka kai wa mai gyaran rediyo da talabijin wanda ya san aikinsa.

Batun wat 2000 kuwa, ban ba ka shawara ba. Batirinka mai amfiya 100, in kana son ya yi ƙarko, rabinsa kawai za ka riƙa ci. Ko inbatar da kake da ita, in ka cika mata kaya, cikin kamar rabin awa ta cinye rabin nan. Babba za ta nemi waya mafi kauri da batir na uku. In firijin ne ke wahalar da ita, domin injinsa kan ja ninkin wutarsa sau da yawa a lokacin tashi, gara ka nemi firijin mota mai aiki da bolt 12 kai tsaye, inbata ta ji da fanka da caja.

Tambaya: Malam, tamu tana aiki da safe da dare, amma da azahar sai ta ɗauke. Mijina ya sa ta a cikin akwati ƙarƙashin gadon motar don kada yara su taɓa. — Maman Ummi, Domayo, Marwa

Amsa: Hajiya, ki gaida maigida, ki ce ya fito da ita daga akwatin. Zafi ne. A watan Afrilu Marwa na haura digiri 40 a inuwa, balle cikin mota a rufe, balle cikin akwati. Inbata na kashe kanta in ta yi zafi, ta dawo in ta huce. Ya kafa ta inda iska ke ratsawa, ya bar mata kamar tafin hannu ta kowane gefe, ya yi mata kariyar raga saboda yaran. Sannan ya leƙa 'yar fankar da ke bayanta, don ƙurar hunturu kan daskare a jikinta. A kashe, a cire waya, a goge da busasshen buroshi. In an ɗora mata kaya ta ɗumama kuma fankar ba ta juya ba, a sauya fankar, ba ta da tsada.