Wai kunnena ne na ƙauye, ko kayan sautin ne ba su da bambanci?

TAMBAYA

Salamu alaikum yaya, da fatan an wuni lafiya. Ni ina zaune ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu, ina da ɗan shagon caji da tura waƙa a memori. A hutun babbar sallar nan ɗan kawuna da yake aiki a waje ya dawo da kayan sauti jaka guda, ya tara mu a zauren gidansu bayan la'asar mu kusan goma, har da wani malamin makaranta daga Dutse da ya zo da nasa. Akwai Sennheiser HD 600, akwai Beyerdynamic DT 770 Pro, da wani ƙato mai nauyi wai shi Audeze LCD-2, malamin kuma ya kawo Audio-Technica M50x. Ga amfilifaya biyu, ɗaya mai ƙwai biyu na gilashi irin ƙwan lantarki a kanta suna ja kamar garwashi, ga fileya, wato na'urar kunna waƙa, ta Astell&Kern da ta FiiO. Hedifon ɗin kam na ji bambancinsu sarai. Amma da aka zo kan fileya aka sa min a Astell&Kern sannan aka sa min a wayata ta wani ɗan dongul, wato 'yar guntuwar igiyar da ke haɗa waya da hedifon, wallahi ban ji komai ba, na faɗi gaskiya aka yi ta min dariya wai kunnena ya saba da sifikar 'yan talla. Ita kuma amfilifaya mai ƙwai kowa yace ta fi, nima naji kamar ta fi. Yaya kunnena ne ya mutu? Kuma in na sayar da riɗina bana wanne ya kamata in fara saya?

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kunnenka lafiyarsa ƙalau, kuma in ka tambaye ni a duk zauren nan kai kaɗai ka faɗi abin da kunnenka ya ji, saura abin da idonsu ya gani suka faɗa. Ba zagi ba ne, nima an taɓa yi min haka a situdiyo, wani abokin aiki ya jona amfilifaya biyu da maɓallin canji, ina ta yabon ta dama wai muryar ta fi buɗewa, har ina rufe ido ina kaɗa kai, ashe igiyar ta dama ma ba ta shiga ba, tun farko ta hagu nake ji. Har yau in mun haɗu sai ya tuna min.

Bari in fara da abin da ya ɓata muku gwajin, wato ƙara. Kunnen ɗan Adam ba ya jin bas da siririn sauti sosai idan ƙara ta yi ƙasa, da ka ɗan murɗa sama sai su fito, wannan tun 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna shi suka zana. To ka ga duk na'urar da aka ɗan fi murɗa wa bolum ko da desibel ɗaya ne, wato ma'aunin ƙarar sauti, wanda kai ba za ka ce an ƙara ba, ita za ka ji ta fi cika, ta fi daɗi, kalangu ya fi amo. Kuma ka san halin mai kaya, in ya zo kan abin da ya kashe wa kuɗi hannunsa da kansa yake ɗan ƙara murɗawa ba tare da ya yi niyyar cuta ba. Masu gwajin gaske sai sun daidaita ƙarar na'urori biyu har bambancin bai wuce desibel 0.1 ba kafin su yarda su buɗe baki. Ku a ƙauye kuna da abin yin wannan, mitar mai haɗa muku sola ta isa: a kunna sautin gwaji mai amo ɗaya, a auna wutar da ke fita a bakin amfilifaya ta farko da hedifon a jone, a murɗa ta biyu har lambar ta zo daidai, shikenan kar kowa ya sake taɓa bolum. Sannan mai sauraro ya juya baya, wani ya riƙa canza igiya ba tare da ya faɗa ba, sau goma, a rubuta a takarda. Canjin ya zama da sauri, domin kunne ba ya riƙe ainihin sauti sai na 'yan daƙiƙoƙi, in aka tsaya neman fulogi ana hira ana zuba shayi to abin da kake kwatantawa tunani ne ba sauti ba. Wanda ya ci tara cikin goma ya ji bambanci da gaske, wanda ya ci biyar canki-canka ya yi.

Ka gwada musu haka da Astell&Kern da dongul ɗinka ka ga yadda dariyar za ta ragu. Aikin fileya shi ne ta karanta fayil, ɗan abin da ke cikinta da ake ce wa dak ya juya lambobi su koma sauti, ƙaramar amfilifayar ciki ta tura. Wannan aikin yanzu ya yi arha ƙwarai, dongul ɗin Apple na dala 9 ma yana yinsa tsaf babu ƙazanta. Abin da kake biya a babbar fileya shi ne ƙarfin turawa, batir nata na kanta, gurbin memori, jiki mai kyau, da kuma cewa ba wanda zai kira ka ana tsakiyar waƙa. Waɗannan abubuwa ne na gaske, ban raina su ba, amma a kan hedifon mai sauƙin turawa kamar M50x, ƙara daidai da ƙara, rashin jin bambanci shi ne abin da ake tsammani.

Amfilifaya kuma maganarta daban, anan ne nake so ka natsu. Kowane hedifon yana da taurin da yake yi wa wuta, ana auna shi da om. M50x om 38 ne, DT 770 Pro iri uku ake yinsa, 32 da 80 da 250, shi kuwa HD 600 om 300 ne cur. Lissafin ba wuya: bolt ɗaya a kan om 32 yana ba ka wajen miliwat 31, amma bolt ɗayan nan a kan om 300 miliwat 3 da ɗan ɗoriya kawai zai bayar. Shi ya sa in ka soka HD 600 a waya zai yi magana amma kamar mai azumi, ka kai bolum ƙarshe ganga ta daka ka ji ba ta da nauyi, to anan amfilifaya tana da aiki na gaske, kamar ka ɗaura wa garma shanun da suka ƙoshi. LCD-2 kuma ƙirarsa daban ce, wani fallen abu ne siriri tsakanin maganaɗisu, shi ya sa ya yi nauyin da ka ji, ya haura rabin kilo, kuma shi ma yana son na'urar da ba ta rowar wuta.

Ita mai ƙwai ɗin da ta burge ku, ba zan ce ƙarya kuka ji ba, da alama kun ji bambanci na gaske, sai dai bambanci ba shi ne fifiko ba. Irin waɗannan, musamman waɗanda ba su da taransifoma a bakin fita, su ma suna da nasu taurin mai yawa, wani lokaci sama da om 100, shi kuma HD 600 taurinsa yana hawa sosai a wajen bas, to haɗuwar biyun sai bas ya ɗan kumbura, murya ta yi ɗumi, ƙwan ya ƙara wani ɗan zaƙi nasa. Kamar man shanu ne a kan tuwo, da daɗi, amma ba masarar ce ta canza ba. Ka cire HD 600 ka soka M50x a wannan amfilifayar za ka ji bas ya saki jiki ya zama dagwalo. Ƙa'idar da muke bi ita ce taurin bakin amfilifaya kar ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na taurin hedifon, in kana son ka ji waƙar yadda aka naɗe ta. Ni kaina ina son mai ƙwai da daddare in zan ji garaya ko gurmi, amma ba na haɗa aikin mutane da ita, za ta yi min ƙarya.

Sai kuma wajen da kuka zauna. Bayan la'asar a zaure, mutum goma, ga injin niƙa, ga babura, ga janareton wani shago, ga awaki ana korowa gida. HD 600 da LCD-2 bayansu a buɗe yake, raga ce kawai, duk abin da ke waje yana shiga kuma abin da kake ji na kusa da kai yana ji. DT 770 da M50x rufaffu ne. To a cikin hayaniya rufaffe ne zai ci gasa ko da bai fi ba, saboda shi kaɗai ya toshe maka injin niƙa. Wannan matsalar har a manyan tarukan masu wannan harka irin CanJam da ake yi a Landan da Niyok da Singafo tana nan, zaure ne ƙato cike da surutu, mutum ya sa hedifon na miliyoyi minti uku ana tsaye a kansa ana jiran layi, ya fito ya yanke hukunci. A can ne ake baje irin su Sennheiser HE 1, wanda ya fito a 2015 a kan kusan Yuro 50,000, jikin amfilifayarsa ma dutsen marmara ne. Wallahi ku kun fi su wurin sauraro in kun so, ƙauye bayan sallar isha in an kashe janareto, shirun da ke nan ba a sayensa da kuɗi a birni. Ku sake zaman a lokacin, mutum uku ko huɗu, za ka ji HD 600 ya zama wani abu daban, za ka ji inda mai karatu yake jan numfashi kafin aya, za ka ji yatsan makaɗi yana goga fatar kalangu kafin ya daka. Tun 1997 ake yin wannan hedifon ɗin kuma har yau masu situdiyo ba su ajiye shi ba, dalilin kenan, ba ya ƙara gishiri a murya.

Wani abu da ba ka ambata ba amma na san shi tunda sana'arka ce: wane fayil kuka kunna? Yawancin abin da ke yawo a memori MP3 ne na 128, wato wanda aka matse sosai, wani ma daga bidiyo aka ciro shi, ya bi ta WhatsApp ya bi ta Xender ya sha matsa har ya gaji. Waƙar minti huɗu a haka ba ta kai megabait 4 ba, alhali ita ɗin a FLAC, wato fayil ɗin da ba a yanke masa komai ba, mai ingancin faifan CD, sai ta haura 20. Abin da aka yanke an yanke, babu fileyar da za ta dawo da shi, hasali ma hedifon mai kyau tona asirin fayil ɗin yake, ka ji kuge yana wani shuu kamar ana watsa ruwa a kwano. Ka nemi waƙoƙi uku da ka haddace, masu tsabta, ko MP3 na 320 ne ya wadatar, ɗaya ta murya zalla, ɗaya mai ganga da yawa, ɗaya mai kayan tsirkiya, su za ka riƙa gwaji da su ko'ina.

To kuɗin riɗi. Hedifon za ka fara saya, babu ja, domin nan ne bambancin da ka ji da kunnenka yake. Tunda a shago kake wuni, rufaffe ya fi maka, DT 770 Pro na om 80 ko M50x, da dongul mai kyau, ka tsaya nan tukuna. DT 770 na 80 sosonsa na yadi ne mai laushi, ba ya dafa kunne a watan Afrilu kuma ana cirewa a wanke, sai dai siririn sautinsa yana da kaifi, wasu yana gajiyar da su, kuma igiyarsa a manne take. M50x igiyarsa tana cira, yana naɗewa ya shiga jaka, amma sosonsa fatar roba ce, zafi da gumi irin namu suna sa ta ɓarewa, ka sa a ranka za ka canza. Ka sa kowanne a kanka rabin awa kafin ka zaɓa, wanda ya matse maka kai ko ya danne maka hula ba za ka riƙa sa shi ba komai daɗinsa. Kuma ka yi hattara da jabu, M50x musamman an kwaikwaye shi sosai, in farashin ya yi daɗi fiye da kima ka ajiye, gara ɗan kawun naka ya taho maka da shi.

Amfilifaya mai ƙwai kuwa ka bar ta sai ranar da ka mallaki HD 600 da ɗakin da ƙura ba ta shiga. Tana zafi, tana cin wuta, kuma ƙananan inbata masu arha da ake haɗawa da sola wutarsu ba ta da santsi, za ka ji wani zuuu a kunne ko waƙa ba ta tafiya. Ka kuma ce wa ɗan kawun naka ya duba bayan tasa kafin ya bar wa kowa aro, in daga Amurka ya sayo ta mai yiwuwa ta bolt 120 ce, wutarmu 230 ce, yaro ɗaya ya soka ta kai tsaye an gama. Lokacin hunturu hedifon ya kwana a jaka ko cikin leda, kar a rataye shi a ƙusa, kuma fileya ko waya kar a bar su a rana kan benci, zafi ne ke kumbura batir.

Kunnen naka da ka ce ya mutu, abin da zai kashe shi da gaske shi ne murɗa bolum don ka danne ƙarar janareton shagonka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na awa 40 a sati shi ne iyaka ga babban mutum, in ka ƙara sama lokacin yana raguwa da sauri sosai. In ka cire hedifon ka ji kunne yana ƙara kamar gyare to ka wuce gona da iri, ka rage, ka kuma matsar da janareton bayan shago da doguwar igiya.

In kun sake zaman ka rubuto min sakamakon takardar nan ta sau goma, musamman na malamin Dutse da na wanda ya fara yi maka dariya.