Ya ce in tafi gidanmu: saki ne ko fushi?

Assalamu alaikum Anti. Mijina yana sayar da masara a Tudun Hatsi. Ranar Laraba muka yi sa-in-sa kan kuɗin cefane, yana bakin ƙofa da makullin babur a hannu ya ce, "Ki tafi gidanku, na gaji." Na goya ɗana na taho Bolari. Baba ya ce sakina ya yi, in fara ƙirga idda. Surukata ta aiko in dawo, wai faɗan miji da mata ne. Na tura masa saƙo, abin da ya rubuto kawai: "Ai kin san abin da nake nufi." Wallahi ban sani ba. Da aure nake kwana ko babu?

'Yarki daga Gombe

Wa alaikumus salam 'yata. Ba laifinki ba ne, maganar ce mai harshen damo.

Malaman fiƙihu sun raba lafazin saki gida 2. Akwai bayyananne, irin "na sake ki". Akwai kuma kinaya, wadda kan ɗauki ma'ana fiye da ɗaya. A mazhabarmu ta Malikiyya, lafazi irin "tafi" ko "koma wurin danginki", miji ake tambaya me ya nufa.

Dubi sahabi Ka'abu ɗan Malik. Bayan yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarce shi ya nisanci matarsa saboda bai je yaƙin ba. Ya tambaya ko sakinta zai yi, aka ce a'a. Sai ya ce mata ta koma wurin danginta, aurensu kuma yana nan daram. Amma a Bukhari, Annabi (SAW) ya faɗa wa 'yar Jaunu, wata mata da ya aura, wannan lafazin, rabuwarsu ke nan. Kalma ɗaya, niyya ta raba hukunci.

Don haka Baba ya yi gaggawa, surukarki ma haka. Duk cikinsu ba wanda ya shiga zuciyar mijinki. Saƙon nan nasa kuwa ya ɓata min rai. Namiji ba ya barin mace tana lalube a duhu kan igiyar aurenta.

Baba ya kira shi gaban malamin da kuka yarda da shi, ko alƙali, a tambaye shi ƙarara: ka yi nufin saki? In eh, guda nawa? In ya ce fushi ne, a sasanta maganar cefanen a zaman nan kafin ki koma. In kuma saki ɗaya ne, aya ta 1 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce a ɗakinki za ki yi idda. Ci da shanki kuma na wuyansa.