Amsa ga 'yar'uwar da ke tambaya kan makarantar mishan

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki, kina son kai yaronki makarantar mishan in an buɗe a watan Satumba, dangin babansa sun ce ba su yarda ba, ke kuma ba ki san yadda shekarar take tafiya a can ba. Wallahi sai da zuciyata ta motsa, don irin wannan surutun na sha shi har na gode Allah. 'Ya'yana mata biyu na kai a nan Garwa ta Kamaru, babbar ta ci CEP, jarrabawar gama firamare, ta wuce, ƙaramar tana CE2, wato aji huɗu.

Karatu dai akwai shi, wannan ba zan ɓoye ba. Tsarin gwamnati suke bi, daga SIL (aji ɗaya) har CM2 (aji shida), zango uku a shekara, amma su suna duba kaye, wato littafin rubutun yara. Kullum yarinya ta dawo sai na ga jan biro a ciki, in ba ta yi aikin gida ba madam za ta rubuto a kira uwa. Kafin babbar ta gama CP, aji biyu, tana karanta mini takardar magani da Faransanci. Da wannan na rufe bakin masu magana, ban yi gardama da kowa ba.

Batun addini kuwa, ki je da ƙafarki ki zauna da direkta, kada ki aika kowa, don kowace makaranta da nata hali. A tamu ana addu'arsu da safe a kan layi, yaran Musulmi suna tsayawa shiru. In Kirsimeti ya matso sai a fara koyon waƙoƙi da wasan kwaikwayo, na ce wa madam a cire nawa, ta cire su ba tare da ta ɓata rai ba. Naki namiji ne, ba ruwanki da maganar ɗankwali, amma masu 'ya'ya mata su tambaya tun ranar rajista. Kuma don Allah kada ki saki Islamiyya. Ranar Laraba ana tashi da wuri, ga Asabar, ga yamma. Yaron da ke zuwa gaban malam kullum babu abin da zai same shi in sha Allah.

Abin da ya ƙona mini rai ba addini ba ne, kuɗi ne. Kin san ta gwamnati tun 2000 aka ce kyauta ce, sai kuɗin ƙungiyar iyaye, amma ta mishan da kuɗinmu ake biyan malamai, kashi-kashi ake biya, kuma kowane kashi da ranarsa. Shekarar da maigida ya kwanta ciwo, jaka biyar ta rage mana. Na je na sami mai karɓar kuɗin, na faɗa masa halin da muke ciki, ya ce ba komai Hajiya, ki kawo ƙarshen wata. Ashe ko rubutawa bai yi ba. Ranar da aka fara jarrabawa, cikin zafin watan Maris, irin ranar Garwa da ke wuce digiri 40, ya shiga aji da takarda yana kiran sunaye. Ya kira 'yata a gaban 'yan ajinsu, ya ce ta kwashe kayanta ta fita. Yarinya 'yar shekara bakwai. Ba a kira ni ba, ba a ajiye ta a inuwa ba, aka buɗe mata ƙofa. Da ƙafa ta taho har Yelwa, ta tsallake titi ita kaɗai a tsakanin masu moto. Ina tsakar gida ina wanke shinkafa sai na gan ta a bakin zaure, leɓenta ya bushe ya yi fari, takalmi ɗaya ya tsinke tana riƙe da shi a hannu, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji. Ba ta yi kuka ba sai da ta gan ni. Abin da ta fara ce mini shi ne ta iya karatun, ta iya duka, su bar ta ta rubuta. Har yau in na tuna maganar nan barci ba ya zuwa mini da wuri.

Washegari na je, mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce bai taɓa ganina ba. A gaban iyaye fa! Na bar shi da Allah. Sistar da ke kula da makarantar ce ta ji hayaniya ta fito, ta ba ni haƙuri, ta sa aka zaunar da yarinyar ta rubuta abin da ya wuce ta. Ita kam Allah ya saka mata. Amma shi yana nan a kujerarsa, ina ganinsa duk ranar biya, kuma har yanzu bai ce mini ko sannu ba. Shi ya sa nake ce miki duk alkawarin da aka yi miki kan kuɗi, a rubuta a sa hannu, ki adana kowace rasit. In da hali ki shiga adashi tun yanzu, ki biya kashi na biyu kafin hutun Disamba.

Ki kuma tanadi na gefe, don bayan kuɗin makaranta akwai ɗinkin kaya, littattafai, kayan wasanni. In 11 ga Fabrairu ta zo, ranar matasa, sai an yi kwanaki ana gwajin maci a rana, yara suna murna kamar me, a nemi fararen safa da takalmi mai kyau. Haka ma 20 ga Mayu, ranar ƙasa. Ƙaramata ta taɓa riƙe allon makaranta a gaban layi, ranar har kakarta da ta fi kowa faɗa sai da ta fito kallo. Ki riƙa cika masa gora da ruwa daga Maris zuwa Mayu, in azumi ya faɗo cikin zafin nan kada a matsa wa ƙaramin yaro.

Af, yana da takardar haihuwa kuwa? In babu ki fara nema yau, kada ki jira CM2, don ba a rubuta CEP sai da ita, kuma in an makara sai an bi ta kotu, ga wahala ga kashe kuɗi. Maƙwabciyata haka ɗanta ya maimaita aji yana da ƙoƙarinsa. Shi babansa me ya ce ne? In shi ya yarda, ki ja shi ku je wurin direkta tare, dangi sun fi jin magana daga bakinsa.