Amsa: Baƙin mai ba ya hawa kan injin babur

Ɗan'uwa, tunda kan injin ya fara ƙara da zafi bayan an yi masa aiki, dakata da hawan babur ɗin tukuna. Buɗe murfin bawul ka tayar da injin a silo, wato ba tare da murza totur ba. In minti 1 ya wuce baƙin mai bai feso ta wurin ba, kashe shi nan take.

Ni dai gam nake fara zargi. Wasu kanikawa kan lafta shi a gasket, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin sassan inji, ya bushe ya toshe ɗan ramin da mai ke bi. Juye man, ciro rariyar da ke tace mai a ƙasan injin ka wanke da kananzir, ka hura ramukan da iskar mai faci har ta ɓullo ɗaya gefen. Banda zura ƙusa, tana kankare ƙarfen. In ramukan a buɗe suke, duba famfon mai.