Kifin teku a falon Yamai: akwatin sai ya yi wata guda babu kifi

Wani Alhaji daga Yantala a nan Yamai ya aiko da tambaya. Ya ga akwatin kifin teku a wani otal a Dubai, abin ya kwanta masa a rai. Mai gilashi a Katako ya haɗa masa akwati mai cin lita 200, wani abokinsa kuma zai zo masa da kifaye ta jirgi nan da sati biyu. Ya ce: "Me zan saya kafin su iso? Kuma gishirin Bilma zai yi?"

Alhaji, ka fara buga wa abokin nan waya ka ce ya dakata. Idan kifayen suka iso nan da sati biyu, da wuya su ga sati na uku.

Kifi yana fitar da amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ita yake zama. A teku ba a jin ta, don ruwan ya yi yawa. A akwati taruwa take yi, kuma ruwan teku, da ma'aunin pH ɗinsa (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) ke wajen 8.2, ya fi ruwan kogi ƙara mata dafi. Masu cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zama a jikin dutse da yashi da matata. Wasu su mai da amoniya nitirit, wasu su mai da nitirit ɗin nitirat, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Sabon akwati ba shi da su, kuma ba sa saurin hayayyafa. Sati 4 zuwa 6 ake ba su.

Ka haɗa ruwan gishirinka, ka jera duwatsu, ka kunna famfon da ke juya ruwa, sannan ka ciyar da akwatin babu kifi ko ɗaya. Ɗan gutsuren ɗanyen jatan lande ya isa, ko amoniya ta kwalba har ta kai miligiram 2 a lita. Kana gwadawa duk bayan kwana biyu ko uku za ka ga amoniya ta hau ta sauka, nitirit ta biyo bayanta ita ma ta sauka. Ranar da ka sake zuba miligiram 2 ɗin, washegari ka tarar duka biyun sun koma sifili, aiki ya yi. Sai ka sauya kusan rabin ruwan don rage nitirat, ka sa kifi biyu kawai. A tsakanin nan wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe gilashi da yashi, mutanen gida su ce akwatin Alhaji ya lalace. Bai lalace ba, sabon akwati haka yake yi, kuma tana wucewa.

Gishirin Bilma a bar wa miya da raƙuma. Ruwan teku yana da kalsiyam da magniziyam da sinadaran da ke riƙe pH kada ya faɗi, a ma'aunin da gishirinmu ba shi da shi. Abin da za ka nema shi ne gishirin da aka haɗa musamman, irin su Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin. A nan nake so ka zauna da alƙalami. Kowace lita tana cin kusan giram 35, wato cikon farko kilo 7 ke nan. Sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan duk sati zai ci giram 700, a shekara sama da kilo 35, kuma ko ƙwaya ɗaya sai an shigo da ita daga waje. Idan ba ka da hanyar da gishirin zai riƙa zuwa a kai a kai, gara ka sani tun yanzu.

Ruwan famfon Yamai daga kogin Isa yake, ana tace shi a Gudel a sa masa kulorin, wanda ke kashe bakteriyar da kake wahalar reno. Ka sayi ƙaramar matatar osmos, wato na'urar da ke tace ruwan famfo ya fito zalla, da kayan gwajin amoniya da nitirit da nitirat da pH, da rifiraktomita ta auna gishiri, ka riƙe gishirin ruwan a 1.025 a kanta. Iskar garinmu busasshiya ce, da hunturu ruwa zai riƙa raguwa kullum. Ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan. Ka ja layi a jikin gilashi, kullum ka cika da ruwan osmos zalla. Mutane da yawa suna cikawa da ruwan gishiri, gishirin ya yi ta hawa ba su sani ba.

Abin da ya fi damuna da shirinka zafi ne da ɗaukewar wuta. Kifayen nan suna son digiri 24 zuwa 27, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40. Ruwa idan ya yi zafi iskar cikinsa raguwa take yi, to ina ga an ɗauke wuta famfo ya tsaya? Kifi da bakteriya tare za su shaƙe. Famfon iska mai batir ba shi da tsada, shi ne abu na farko da zan saya. Idan gidan yana da sola, a ɗora famfon juya ruwa a kanta. Fanka mai hura saman ruwa tana rage zafi da ɗan dama a busasshiyar iskarmu, amma idan falon ba ya kwana da na'urar sanyaya ɗaki, sai ka sayi ta sanyaya ruwa. Da ni ne, a Nuwamba zan fara, da ɗan abin ɗumama ruwa saboda sanyin dare, don komai ya zauna kafin bazara. Ka kuma tambayi mai gilashin wane silikon ya yi amfani da shi wajen manna gilashin, domin na banɗaki mai maganin fumfuna guba ne ga kifi.

Kifin farko kuwa, ka ce wa abokin ya nemo ma'aurata na ɗan kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, wanda ake kira clownfish, waɗanda aka haifa a akwati. Shuɗin kifin nan na fim (blue tang) da yara za su matsa maka a kansa ya fi ƙarfin lita 200. Murjani mai rai, irin na teku, a bar shi sai baɗi.

Wata Hajiya daga Tahoua ta ce akwatinta yana sati na uku, babu kifi, nitirit ta ƙi sauka. An ba ta shawara ta zubar ta wanke da sabulu, wani kuma ya ce ta sayi bakteriya ta kwalba.

Hajiya, kada sabulu ya kusanci akwatin nan. Hawan nitirit shaida ce cewa kashin farko na bakteriya sun kama aiki, na biyun ne a hanya, kuma dama su ne masu nawa. Wankewa mayar da ke ranar farko zai yi. Kwalbar tana rage kwanaki idan abin cikinta yana da rai, amma wadda ta sha rana a bayan mota daga Yamai zuwa Tahoua ba ni da amana da ita. Ki cire ragowar jatan landen idan yana ciki, ki bar famfo yana aiki, ki sake gwadawa bayan sati ɗaya.