Muryar Kawu kan shofon da wutarsa ke mutuwa

Assalamu alaikum ƴan gida, ina kwananku, ina sanyi? To, wannan amsa ce ga ɗana na unguwar Ali Ɗan Sofo, wanda ya aje murya jiya bayan isha'i. Ka yi haƙuri ban amsa da dare ba, wayar ce ba caji. Na saurara sau biyu da asuba. Ka ce shofon gaz na gidanku, wato na'urar ɗumama ruwan wanka, in ka danna maɓalli ka ƙyasta, ƴar wutar nan tana kamawa, amma kana ɗaga yatsa sai ta mutu. Kuma wai wani abokinka ya ce ka samu tsinke ka tokare maɓallin ya zauna a danne, a huta.

To daga tsinken nan zan fara. Kada ka yi. Ka ji ko? Kada ka yi, ko da wasa.

Bari in gaya maka dalili, don in ka gane shi, rabin gyaran ka gama. Leƙa ta ƴar tagar nan ta gaban shofo. Kusa da inda ƴar wutar take fitowa akwai wani ɗan ƙarfe a tsaye, kamar kan ƙusa, da wata wayar jan ƙarfe da ta bi ta baya ta sauka wajen maɓalli. Mu masu aiki termokupul muke ce masa. In wuta ta gasa kansa, yana haifar da ɗan kuran kaɗan, wato lantarki, milibolt 20 zuwa 30, abin da ko ƙwan tocila ba zai kunna ba. Amma ya isa ya riƙe wani ɗan maganaɗisu da ke cikin bawul. Yatsanka ne yake tura ƙofar gaz ta buɗe, maganaɗisun ne yake karɓa daga hannunka ya riƙe ta. Ranar da iska ta hure wutar, ƙarfen ya huce, kuran ya ɗauke, ƙofa ta rufe da kanta. Kai kana barci ma, shi ya rufe. Mai gadi ne. In ka sa tsinke, ka ɗaure mai gadi ke nan ka bar ƙofa a buɗe. Kuma gaz ɗin butel ɗin nan namu ya fi iska nauyi, ba sama yake tashi ya tafi ba, ƙasa yake kwantawa kamar ruwa, ya bi lungu ya taru. Sai da safe yarinya ta zo ta ƙyasta ashana za ta ɗora koko. Allah ya kiyaye.

Yauwa. Yanzu gyara.

Kafin ka taɓa kile, wato sifana, ɗaga butel ɗin ka girgiza. Ba raini ba ne, na sha ƙona mai in je gidan mutum in tarar butel ce ta ƙare. Sannan in ka danna, kada ka yi gaggawar saki. Ƙirga 30 a hankali, ƙarfen yana son lokaci ya yi zafi, balle da sanyin asubar nan. In an canza butel sabuwa ma akwai iska cikin tiyo, sai ta fita tukuna.

In ka yi wannan bai zauna ba, to kashe ƙwan wurin ka dubi wutar kanta da kyau. Nan maganar take. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tsaye take da ƙarfinta, har kana jin ɗan hucinta, kuma tana lulluɓe kan ƙarfen nan kamar santimita ɗaya. In ka ga ta yi ja-ja ko rawaya, tana lilo kamar ta fitilar aci-bal-bal, tana lasar ƙarfen tana kaucewa, to ba abin da ya lalace, datti ne. Kuma ina kyautata zaton naka ke nan. Shofo ya yi wata takwas ba wanda ya waiwaye shi, tun zafin Afirilu da ruwan shato, wato tankin ruwa na sama, da kansa yake ƙona mutum, damina ta wuce, ga ƙurar hunturu ta shigo ta ko'ina. Me kake tsammani?

Bara a Zariya wata Hajiya ta kira ni, har ta yanke shawarar sayen sabo. Na cire murfi, me zan gani? Zanzaro ya gina ɗakinsa na laka daidai kan ƴar kafar da iska ke shiga ta haɗu da gaz. Ya shafe ta tas, kamar magini ya yi yaɓe. Na ɓamɓare da farce, ga ƴan tsutsotsin da ya tara wa ƴaƴansa a ciki. Na hure, na ƙyasta, wuta ta miƙe shuɗiya. Hajiya ta ce nawa, na ce ki ba yara kuɗin goro kawai, kunya ba za ta bar ni in karɓi kuɗin aiki kan gidan zanzaro ba.

To ga yadda za ka yi. Rufe butel daga kanta, ba daga shofo ba. Bari ya huce. Zare maɓallan gaba, yawanci ja kawai ake yi, ka kwance ƙusoshin ƙasa, murfin ya ɗago. Ɗauki waya ka yi hoto kafin ka taɓa komai, saboda mayarwa. Samu tsohon buroshin haƙori busasshe ka share wajen ƴar wutar, ka sa famfon keke ka hure. Kan termokupul in ya yi baƙi, goge shi a hankali da soson ƙarfe mai laushi, ba kankara ba, shafa.

Abu ɗaya: akwai ɗan jiklar na tagulla a gindin bututun ƴar wutar, ramin da gaz ke fitowa. Ramin nan ya fi bakin allura ƙanƙanta. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayi ka sa allura. Kada ka sa. Tagulla taushi gare ta, kana sokawa ka faɗaɗa ramin, kuma rami in ya faɗaɗa ba ya komawa. Daga nan wuta ta yi girma, ta riƙa hayaƙi, sai an sayi wani. Hurewa kawai.

Sai ka bi wayar jan ƙarfen nan har inda ta shiga bawul. Akwai ɗan noti a wurin. Wani lokaci shi ne ya saki, kuran ɗin da ma ba yawa, ya ɓace a hanya. Ɗaure da hannu, ka ƙara kwata da kile, ya isa. In wuta ta yi shuɗi, tana dukan ƙarfen sosai, noti a ɗaure, amma har yanzu tana mutuwa in ka saki, to termokupul ɗin ya gaji. Kwance shi ka tafi da shi kasuwa a hannunka, don tsawo da bakin notin ba ɗaya ba ne, kada a haɗa ka da wanda ba zai shiga ba.

Akwai wani ciwon daban, ka saurara da kyau ko shi ne. Wuta ta zauna lafiya, an buɗe ruwa, an fara wanka, bayan minti biyar ko goma komai ya mutu, mutum da sabulu a ido. Wannan ba termokupul ba ne. Can sama wajen bakin bututun hayaƙi akwai wani ɗan maɓalli mai waya biyu, in hayaƙi ya dawo baya ya yi zafi, shi yake yanke kuran ɗin. Ma'ana bututu ya toshe, ko sheƙar tsuntsu, ko ƙadangare ya mutu a ciki, ko kuma wurin ba iska. Za ka samu mai gyaran da zai ce bari in haɗe wayoyin nan biyu a wuce wurin. Sallame shi. Hayaƙin nan irin na gawayi ne da ake shiga da shi ɗaki lokacin sanyi a rufe ƙofa, ba ya wari, ba a ganinsa, sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, mutum ya zube. Shi ya sa nake faɗa da masu kafa shofo cikin makewayi a rufe. Ban san inda naka yake ba, ka gaya mini.

Af, na manta. Ka ce na hannu ka saya. Duba ƴar takardar ƙarfe da ke gefe ko cikin murfi. In ka ga G30, ko an rubuta butan, milibar 28 zuwa 30, namu ne. In G20 ka gani, an yi shi ne don gaz ɗin da ake ja ta bututu zuwa gidaje, irin na Faransa da Aljeriya, ramukan jiklar ɗinsa sun fi faɗi. Wannan ko ka share shi har gobe ja zai riƙa ci da baƙin hayaƙi, sai an canza masa jiklar duka, kuma ba aikinka ba ne, nawa ne. Detandar ɗin kan butel ma, wato abin da ke rage ƙarfin gaz, ka duba, milibar 28 ake so, kuma mai ƙarfin da zai ciyar da shofo, ba ɗan ƙaramin na risho ba.

Masu irin sabon nan da ba ya da ƴar wuta, wanda ke yin ƙyat-ƙyat-ƙyat in an buɗe famfo, na ga Inna ta tambaya: ku canza pil, wato batir, manya guda biyu da ke ƙasa tukuna. In kuma ruwan ne ba ƙarfi, ba zai tashi ba ko pil sababbi ne.

In ka gama ka mayar da komai, kaɗa ruwan omo ya yi kumfa, ka shafa a duk mahaɗa, daga kan butel har shofo. Inda ka ga kumfa tana kumbura, yoyo ne, rufe butel. Ba a gwada yoyo da ashana. Tiyon roba kuma akwai shekara a rubuce jikinsa, in ta wuce, ko ka lanƙwasa ka ga tsaga, canza shi.

Ka turo mini hoto biyu, na takardar ƙarfen da na wutar, amma na wutar a cikin duhu ka ɗauka don in ga launinta. Bayan la'asar ina da aiki wajen Burja, in na taso zan biyo da kile. Kafin nan a ɗora wa yara ruwa a tukunya. Ka gaida mai ɗakinka.