Tambaya da Amsa: Na danne feda baya, giyar keken tserena ta kwance. Firam ɗin ne bai dace da ni ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi firam na hannu, na keken tsere irin wanda ake hawa a filin zagaye, mai giya ɗaya kafaffiya, wato muddin wili yana juyawa feda ma tana juyawa, girmansa santimita 53. Tsawona mita 1.72, daga ƙasa zuwa matsematsina kuma santimita 80. Mai gyara ya haɗa mini shi da kayan tsohon kekena: kuranki, wato hannun feda, mai milimita 175, babban faifai mai haƙora 48, ƙarami mai 15. Da yake wilin bayan na firiwil ne, irin wanda ke barin wili ya juya ko an tsayar da feda, sai ya kwance firiwil ɗin, ya ɗaura ƙaramin faifan a kan zaren, ya zuba masa gam, ya ce ko shekara goma zan yi ba zai motsa ba. Shekaranjiya ina gangara na danne feda baya don in rage gudu, sai na ji ƙafafuna sun tafi a banza, sai da na tuƙa gaba abin ya sake kamawa. Tun ranar gabana ke faɗuwa. Ga gwiwa tana ciwo, ga takalmina yana taɓa tayar gaba in na karya kwana. Abokaina sun ce firam ɗin ne ya yi mini kaɗan. Cokalin gaban ma ba shi da ramin birki. In sayar in nemi babba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka sake hawa keken nan, ko zuwa bakin layi, sai an canja wilin baya. Faɗuwar gaban da kake ji tana kan daidai, amma ba firam ne abin tsoron ba.

Bari mu sallami maganar firam tukuna, don ba ta da tsawo. Mai tsawon ƙafa 80, firam 52 zuwa 53 nasa ne. Abokanka sun ga takalmi yana taɓa taya sai suka yanke hukunci, alhali haka ƙirar keken fili take: wuyansa a tsaye, cokalinsa ba ya miƙa gaba sosai, tayoyin biyu kusa da juna, don ya amsa umarni da sauri. Ko ka sayi 56 za ka iya samun wannan taɓawar, ka ƙara wa kanka ciwon wuya da na baya wajen miƙa hannu. Abin da ya tsananta maka shi ne kurankin 175. Sa na 165, wanda shi ne aka fi sani a wannan keke. Zai ja ƙafarka baya da santimita guda, kuma zai rage haɗarin feda ta daki ƙasa a kwana, domin a nan ba ka da damar tsayar da ƙafa ka kwanta kamar a keken firiwil. In feda ta daki kwalta kana cikin gudu, tayar baya ce ke tashi sama.

Gwiwa kuma abu biyu ne. Ka auna daga tsakiyar mazaunin kuranki zuwa saman sirdi, ka fara da santimita 70 da rabi, wato tsawon ƙafarka sau 0.883, in ka koma 165 ka ɗan ƙara rabin santimita ka ji yadda jiki ya karɓa. Sannan 48 da 15 giya ce mai nauyi ga titi: kowane juyin feda yana tura ka kusan mita 6.7, kuma duk tashi daga tsaye gwiwarka ce ke biya. Koma 17, wajen mita 5.9, ko ma 19, mita 5.3, har ƙafa ta saba. Da 48 da 17, gudun kilomita 30 a sa'a juyi 85 ne a minti, daidai inda gwiwa take so.

To, yanzu ga abin da ya sa na ce ka ajiye keken.

Wannan haɗin da aka yi maka ina ganinsa fiye da yadda nake so, kuma kullum da magana ɗaya yake zuwa: ai zare zare ne, tunda faifan ya hau ya zauna, magana ta ƙare. Gaskiya ne ya hau, domin zaren firiwil da na ƙaramin faifan fili ɗaya ne, inci 1.37, zare 24 a kowane inci, mai ɗauruwa ta dama. Wannan daidaituwar ce ke yaudarar mutane. Amma ka yi tunanin aikin da kowannensu yake yi. Firiwil ƙarfi ta hanya ɗaya kawai yake ɗauka. Duk lokacin da ka taka gaba kana ƙara ɗaure shi, in ka daina sai ya yi ta ƙaran nan nasa, ba abin da ke jan zaren baya. A giya kafaffiya kuwa ƙarfi gaba da baya yake tafiya. Da zarar ka danne feda baya, abin da kake yi shi ne abin da mai gyara yake yi in yana so ya kwance faifan, sai dai kai da nauyin jikinka duka da gudun keke kake yi, shi kuma da hannu.

Shi ya sa hob na gaskiya, wato cibiyar wilin da faifan yake hawa, yake da matakin zare biyu. Na ciki, mai kauri, shi ne na faifan. Na waje ya ɗan fi shi sirantaka, inci 1.29 a mafi yawan hob, kuma zarensa na hagu ne. A nan zoben kulli yake hawa. In faifan ya nemi kwancewa, sai ya goga zoben ta ɓangaren da yake ƙara ɗaure shi, su biyun su cije juna. Dabarar ke nan gaba ɗayanta, kuma ba ta da madadi a kan hob ɗin firiwil, domin shi mataki na biyun ne babu. Masu sana'ar a Turai da Amurka sun daɗe suna kiran haɗin da aka yi maka da sunan da ke nufin hob ɗin kashe kai, kuma ba don zuzutawa suka sa masa ba.

Gam fa? Gam ɗin zare an yi shi ne don kada noti ya kwance saboda jijjiga. Ba a yi shi don ya tare mutum mai kilo saba'in da ke gangara yana fizgar feda baya sau ɗari a yini ba. Zai riƙe yau, ya riƙe gobe, har ka amince da shi. Ranar da zai saki ba ranar da kake tafiya a hankali ba ce, domin a hankali ba ka danna shi da ƙarfi. Ranar da mota ta fito maka ba zato, ka danna da iyakar ƙarfinka, ranar ce yake saki. Wato a lokacin da kake buƙatarsa kaɗai yake yaudararka. Kai Allah ya tsare, ya saki ya sake kamawa. Ka ɗauki wannan a matsayin gargaɗin da ba kowa ke samu ba.

Akwai masu wayon da suke ƙara wani abu: su ɗauko zoben mazaunin kuranki na tsohon yayi, su ɗaura a bayan faifan, su nuna maka su ce ga zobenka nan. Zaren wannan zobe na dama ne kamar na faifan, saboda haka in ɗaya ya juya, tare suke tafiya. Ido ya ga zobe, amma kulli babu. Wasu kuma firiwil ɗin suke kai wa mai walda ya toshe cikinsa don ya daina juyawa a banza. An kashe firiwil, an ƙona ƙarfensa, kuma har yanzu a kan zaren dama guda ɗaya yake zaune, zai kwance kamar yadda naka ya kwance. Abin da ke ba ni haushi ba rashin sani ba ne, kowa da ranar da ya koya. Tabbacin da ake bai wa mutum ne. Wanda ya ce maka shekara goma ba zai motsa ba, ba shi zai hau keken ya gangara ba. In mai gyara bai taɓa ganin hob mai zaren hagu ba, ya ce bai sani ba, ba wanda zai zarge shi. Amma a riƙa sayar da tabbaci a kan ran wani, wannan ba sana'a ba ce.

Kuma tunda naka ya riga ya zame sau ɗaya, ka sa a ranka zaren hob ɗin ya ci rauni. Faifan ƙarfe ne, hob yawanci alminiyam, in suka yi kokawa alminiyam ne ke cinyewa. Kada ka yarda a ce za a ƙara gam a gyara.

Ka nemi wili mai hob na fili, faɗinsa milimita 120, wanda shi ne faɗin bayan firam ɗinka. In tsohon wilinka 126 ne ko 130 aka tura shi da ƙarfi, sa a duba ko ƙafafun firam ɗin sun buɗe. Zoben ya zama na wannan hob ɗin, don ba duka ke hawa juna ba: na kamfanin Campagnolo, misali, inci 1.32 ne, in ka tilasta masa zoben 1.29 ka kashe zaren. Wajen ɗauri a shafa giris, a ɗaure faifan da sifana mai sarƙa da ƙarfi sosai, sannan zoben da sifanarsa mai ƙugiya, ba da guduma da kurfi ba. Bayan nan ka hau ka taka gaba da ƙarfi a ɗan hawa, ba tare da ka danna baya ko sau ɗaya ba, ka sauka ka sake ɗaure zoben. Za ka tarar ya ƙara shiga, domin ƙafarka ta fi hannun kowane makaniki ɗaure faifan, kuma ɗan ratar da ta buɗe tsakaninsu ita ce ke cinye zaren ko a hob mai kyau. Mutane da yawa wannan matakin suke tsallakewa, daga baya su ɗora wa hob laifi.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne cewa ƙafa ta isa birki. Ana kallon 'yan tsere a fili ba birki, sai a kwaikwaya a titi. A fili na mita 250, irin na gasar Olamfik, kowa hanya ɗaya yake bi, babu mahaɗa, babu yaro mai tsallakawa, kuma an hana birki ne don kada wani ya tsaya kwatsam na bayansa su hau kansa. Ko 'yan keirin, wato tseren keken fili na Japan, waɗanda sana'arsu ke nan tun 1948, in za su fita atisaye a titi birki suke maƙala wa kekensu. Dalilin a bayyane yake. In ka rage gudu nauyinka gaba yake komawa, tayar baya ta yi sauƙi ta fara jan ƙasa, saboda haka tsayawa da baya kaɗai, komai gwanintarka, kusan rabin abin da birkin gaba ke bayarwa ne. Kuma duk wannan in sarƙa tana nan ke nan. In ta faɗi ko ta tsinke, ba ka da komai a hannu. A Landan a 2016 wani matashi a kan keken fili marar birkin gaba ya buge wata mata mai tsallaka titi, ta rasu, kotu ta ɗaure shi wata 18 a 2017. Dokar Birtaniya tana ƙirga giya kafaffiya a matsayin birkin baya, amma ta wajabta na gaba. Ba ranka kaɗai ne a kan keken ba, ɗan'uwa, har da na wanda bai san ma kana tafe ba.

Cokalin da ba shi da rami ba hujja ba ce. Ko dai ka canja shi da mai rami wanda tsawonsa ya yi daidai da naka, ko ka nemi birki mai maƙalewa a ƙafafun cokali irin na 'yan keirin. In cokalin na kabon ne kada wanda ya sa masa abin huji. In na ƙarfe ne, mai ƙera firam kaɗai zai duba ya ce kan cokalin yana da naman da zai ɗauka.

Sarƙa kuma ta tafi a miƙe daga babban faifai zuwa ƙarami. A keken fili layinta kusan milimita 42 ne daga tsakiyar firam, kuma kurankin titi da aka sa maka ba lallai ya faɗa nan ba, ga shi haƙoran faifan titi an yi su ne don sarƙa ta sauka cikin sauƙi, abin da ba ka so a nan. Sarƙa mai faɗin inci 1/8 tana hawa haƙora masu kaurin inci 3/32, amma siririyar ba ta hawa masu kauri. Wajen ja, juya kuranki a hankali ka nemo inda ta fi tsauri, a nan ka bar mata ɗan wasa, a sauran wuraren kada ya wuce santimita guda sama da ƙasa. Kada ka sa mata abin jan sarƙa mai sifirin, dannawa baya ɗaya za ta karya shi. Notocin aksul ka ɗaure su tamau da sifana 15. Ka sa maɗaurin ƙafa a feda, domin in ƙafa ta zame a gangara fedar ba ta jiranka, ƙwaurinka za ta bi. Igiyar takalmi a cusa ta ciki. Kuma in za ka goge sarƙa, kada ka riƙe tsumma a kanta wili yana juyawa: abin da ya shiga tsakanin sarƙa da haƙora ba ya tsayar da wili, yatsu sun sha guntulewa a haka.

In an gama duk wannan, ka fara gwada shi a fili shimfiɗaɗɗe da ba ababen hawa. Ka danna baya da ƙarfi sau goma ko ashirin, hannunka a kan birki, sannan ka sauka ka sa sifana a zoben ka ji ko ya motsa. Ka riƙa maimaita wannan dubawar a makon farko, kafin ka koma gangarar nan.